Yadda ake binciken abin da yaran ƙauye ke ci, sannan a koyar da iyaye daga tukunyarsu

Ranar da na fara zuwa wayar da kan mata a wani ƙauye da ke gabas da Dutse, da katuwar takarda mai hotuna na tafi. Ga tuffa, ga kifin gwangwani, ga kofin madara fari tas. Na yi ta zuba bayani kusan awa guda a tsakar gidan mai unguwa. Da na gama, wata tsohuwa da ke sussukar gero a gefe ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, wannan abincin na takarda a wace kasuwa ake sayar da shi?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Na zo koyar da mutane yadda za su ciyar da 'ya'yansu alhali ban san abin da suka ba su jiya ba.

Matsalar rashin abinci mai gina jiki ga yara kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Kano kashi 57 ne, a faɗin Najeriya kuma 37. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Wannan bayani na rubuta shi ne don mace mai aikin sa kai, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, ko malamar Islamiyya da ke son yin wani abu a unguwarta. Na ce mace saboda aikin na cikin gida ne, namiji iyakarsa zaure.

Fara da masu gari

Kada ki faɗa gidajen mutane da littafi a hannu ba sallamar manya. Ki sami dagaci ko mai unguwa, ki faɗa masa ƙarara cewa ba rabon kaya kika zo yi ba. Wannan maganar ki maimaita ta har sai kowa ya gaji da jin ta, domin da zarar an zaci akwai tallafi, kowace uwa za ta ce miki ɗanta bai ci komai ba jiya, bincikenki ya tashi a banza. Daga nan sai liman, sai ungozoma. Ungozoma ta san kowane gida da aka haihu cikin shekara biyun nan, ita za ta yi miki jagora. In kin shiga gida, uwar miji ce farkon gaisuwa. Durƙusa ki ce, "Iya, ina wuni, mun zo neman iliminku ne a kan renon jikokinki." In ta saki fuska, surukarta ma za ta saki baki.

Lokaci ma abin lura ne. Da hantsi, bayan an gama surfe an aika kai niƙa, ko bayan azahar, mata sun fi samun sukuni. Binciken kuma ki yi shi sau biyu a shekara: da kaka, lokacin da rumbu ke cike, da kuma tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa.

Ƙidaya da awo

Rubuta duk yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 23. A ƙaramar unguwa za ki iya bin kowane gida; in gari ne babba, ɗauki gida talatin zuwa arba'in daga kowace kusurwa, har da rugar Fulani da gidajen bayan gari, ba na kusa da titi kaɗai ba. Shekarun yaro ki duba a katin rigakafi. In babu, ki bi ta abin da uwa ba ta mantawa: kafin azumi aka haife shi ko bayan Sallar layya, an yi shuka ko ana yankan gero?

Sai awon damtse da tef ɗin nan mai launi uku, wanda ake samu a asibitocin matakin farko. Ana amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Hannun hagu ake aunawa. Lanƙwasa gwiwar hannun yaron, ki nemo tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, sannan ki sake hannun ya sauka ya saki jiki, ki zagaya tef ɗin a daidai wurin. Kada ki matse har fata ta tattare, kada kuma ya yi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Daga 12.5 zuwa sama kore.

Bayan tef, danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga daƙiƙa uku ki ɗaga. In rami ya zauna a duka ƙafafun, kumburin kwamaso ne, wato tamowa mai kumbura jiki, ko da damtsen ya nuna kore. Yaro mai ja ko mai kumburi ba na darasin girki ba ne, na asibiti ne a ranar. Can ne ake gwada ko yana iya cin abinci, a ba shi maganin nan na gyaɗa mai leda, wanda kowane ƙunshi gram 92 ne. Ki gaya wa uwar a gaban mijinta cewa magani ne na yaron shi kaɗai, ba na shafa wa yayyensa a burodi ba. In ya ƙi cin komai, ko yana ta amai, ko jikinsa ya saki, kwantar da shi za a yi.

Ki sani kuma tef ba ya nuna tsumburewa, rama kawai yake nunawa. Yaro na iya zama kore alhali gajarta ta riga ta kama shi.

Tambayar jiya

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma aka fi yin kuskure. Kada ki ce, "Me kike ba shi?" Amsar da za ki samu ita ce wadda aka ji a rediyo. Abin da za ki tambaya shi ne abin da ya shiga bakin yaron jiya, daga farkawarsa har wayewar garin yau. Ki bi ranar da ita daki-daki. Da ya tashi, me ya fara sha? Da kika ɗora tukunya yana ina? Wa ya goya shi da kika tafi rijiya, ita me ta ba shi? Sau da yawa yayarsa 'yar shekara takwas ta fi uwar sanin amsa, don haka a kira ta. In jiya an yi suna ko biki a gidan, ko yaron ba shi da lafiya, ki bari sai wata rana.

In aka ce tuwo da miya, ki tambayi abin da ke cikin miyar, sannan ki tambayi abin da yaron ya ci daga ciki. Miyar da aka jefa wa kifi, aka tsame kifin aka kai wa maigida, yaron ya lashi romo, ba a rubuta masa kifi. Daddawa da ɗan abin da aka barbaɗa don ɗanɗano ma ba sa shiga lissafi. Kuma ki riƙe fuskarki. In uwa ta ce shayi da biskit ta ba shi kika ɓata rai, ta gaba ba za ta faɗa miki gaskiya ba.

A littafinki na makaranta ki ja layi takwas a gaban sunan kowane yaro, bisa rukunan da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara a 2021. Na ɗaya nonon uwa. Na biyu hatsi da saiwa: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali. Na uku wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya, riɗi. Na huɗu nonon shanu, kindirmo da madara. Na biyar nama, kifi, hanta, kaza. Na shida ƙwai. Na bakwai ganye mai duhun kore da kayan marmari masu jan ciki, irin su zogale, alayyafo, rama, kabewa, karas, mangwaro da gwanda. Na takwas sauran kayan lambu da 'ya'yan itace, kamar kuɓewa, tumatir, kankana, gwaiba. Yaron da ya samu biyar cikin takwas a rana ya kai mafi ƙarancin abin da ake so. A gefe ki rubuta sau nawa ya ci abinci mai kauri.

Gwada da yaro ɗan wata goma: ya sha nono, koko da safe, fura da ruwa da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare. Nono ɗaya, hatsi biyu, kukar in ya sha ta sosai uku. Koko da fura da tuwo suna uku ne a baki, amma a littafi abu guda ne. Da an dama furar da kindirmo, an murmusa ƙuli-ƙuli a kokon, ya kai biyar ba tare da an je kasuwa ba. In kin gama gidajen, ƙirga layin da ya fi zama fanko. Shi ne darasinki, ba wanda kika taho da shi daga birni ba.

Nemo talakar da ɗanta ya yi ɓul-ɓul

Wannan dabarar ta yi suna ne a ƙasar Biyetnam. A farkon shekarun 1990, Jerry Sternin da matarsa Monique, suna aiki da ƙungiyar Save the Children, suka lura cewa a ƙauyukan da tamowa ta yi katutu akwai gidajen talakawa tilis da 'ya'yansu ke cikin ƙoshin lafiya. Da aka zauna da su sai aka ga suna tsinto ƙananan jatan lande da kaguwa a gonakin shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankalin Hausa a abincin yara, suna kuma ciyar da su sau da yawa a rana. Abin yana gaban kowa, maƙwabta ne kawai suke ganin bai dace da yaro ba.

Haka za ki yi. Cikin littafinki, ware yaran da ke kore sosai, masu kuzari. Cire ɗan mai shago, da ɗan wanda ake aiko wa kuɗi daga kudu, da ɗan fari da dangi suka taru a kansa. Waɗanda suka rage, uku ko huɗu, ki roƙi iyayensu ki wuni a gidan, ki taya tsince wake, ki yi ta kallo.

A gida ɗaya da na wuni, ɗaki biyu ne na jinka da dangar kara. Matar tana da wani ɗan kwanon roba ja wanda ba mai taɓawa sai autanta. Kafin ta zuba yaji a wake, sai ta ɗebi ludayi ɗaya ta murje shi da bayan cokali, ta ɗiga man gyaɗa, ta zaunar da yaron a cinyarta, yayyen kuma can gefe da nasu akushin. A inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa akwai zogale biyu da suka fi danga tsawo. Da na tambaye ta ƙwai, sai ta leƙa ƙofa tukuna, ta rage murya ta ce da damina in zabi sun yi ƙwai takan ɓoye ɗaya ta dafa masa, "kada dai Inna ta ji." Daga gidan nan na samo kusan duk abin da na koyar daga baya.

Garin kunu

Abu ɗaya da ya kamata kowace uwa ta iya haɗawa shi ne garin kunun yara, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Awon da aka fi amfani da shi shi ne shida, uku, ɗaya: gwangwani 6 na hatsi (gero, dawa ko masara, ko a gauraya), 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Gwangwanin madara ya isa ma'auni.

Waken suya ne mai aiki. A tsince shi, a jiƙa ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa kamar minti 20 zuwa 30, a murje ɓawon ya fita, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya a kasko da wuta kaɗan har ya yi ƙamshi. Ɗanyensa yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abin gina jikin da ke cikinsa, zafi ne ke kashe shi, shi ya sa ba a tsallake dafuwar. Gyaɗa kuma a zauna a tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Duk wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, a zubar, domin tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Na sha ganin ana ware mai kyau don kai wa kasuwa, a bar wa gida ta ƙasan buhu. Ga yaro dai kada a yi haka. Hatsin a wanke, a rege, a shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji ba sa hawa, a ɗan soya sama-sama. A haɗa duka a kai inji, a ce wa mai injin ya fara kaɗe ragowar barkonon wani. A tankaɗe, a bari ya huce, a zuba a bokiti mai murfi. Saboda man gyaɗar, na mako biyu zuwa uku ya isa a haɗa a lokaci guda.

Wajen damawa ake asarar wahalar. Kunun da ya tsinke kamar ruwan wanki cika ciki kawai yake yi, cikin ɗan wata bakwai kuwa bai fi ƙaramin kofi ba. A dama garin da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa ya dahu kamar minti goma. Gwajin shi ne a ɗebo a cokali a karkata: in ya zubo shar, ya yi ruwa, in ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi. A sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, yau a barbaɗa garin zogalen da aka shanya a inuwa, gobe garin busasshen kifin Haɗeja da aka cire wa ƙaya aka daka.

In uwa ta ce ɗanta ba ya iya haɗiye mai kauri, akwai dabarar tsiro. A jiƙa gero ya kwana, a baza a jiƙaƙƙen buhu a rufe kwana biyu har ya tsiro, a shanya, a murje tsiron da saiwar su fita, a niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya a kunu mai kauri da aka sauke yana da ɗumi zai sassauta shi nan take ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a mayar wuta ya sake tafasa. Ranar da na fara nuna wannan, wata cewa ta yi siddabaru ne.

Zaman girki

Tara mata takwas zuwa goma da yaransu, musamman masu rawaya, a gidan ɗaya daga cikinsu. Tsarin da aka gada daga Biyetnam kwana 12 ne ana haɗuwa, a yi shida a huta ɗaya. Kowace ta zo da abin da ke gidanta: tafin wake, ƙullin zogale, ƙuli-ƙuli biyu, itace. Kada ki kawo komai daga gari, in ba haka ba ranar da kika daina zuwa girkin ya mutu. Uwar da kika gano a unguwarki, irin mai jan kwanon nan, ita za ki sa a gaban murhu, ke ki koma gefe.

A fara da wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. A dafa tare, kowane yaro da kwanonsa don a ga iya abin da ya ci. Ɗan wata 6 zuwa 8 ana farawa da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, a riƙa ƙarawa har rabin kofi mai cin mililita 250. Daga wata 9 zuwa 11 rabin kofi sau uku ko huɗu. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa cikakke, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gwanda, awara ko dafaffen dankali. Nono kuma yana nan. Ɗura, wato a toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu, a hana ta a wurin da lallami, domin kunun na iya faɗawa huhu.

Magana ɗaya a rana ta isa, ana yi ana girki. Yau dakashi, nonon farko mai rawaya da wasu ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Gobe nono zalla har wata shida. Za a ce miki zafin bazara fa, ki ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara ba shi mama. Jibi shayi, wanda ke hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, saɓanin tumatir, gwaiba da garin ɗan kuka da ke taimaka masa. Wata rana zuma, wadda ba a ba yaron da bai shekara ba. Wata rana gudawa: ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina ba shi abinci. Ki tuna musu da ɗigon bitamin A duk wata shida, wanda ake bayarwa a makon lafiyar mata da yara.

Batun ƙwai yana sa yaro sata, kada ki yi gardama da tsofaffi a gaban surukansu, ba za ki ci ba. Gayyato kaka ɗaya da ake jin maganarta, ki ba ta dafaffen ƙwai ta murmusa wa jikanta da hannunta. Maza kuma a same su a majalisa bayan la'asar ta bakin liman ko ma'aikacin asibiti. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa a wuyan uba. Roƙon da za a yi musu ƙarami ne kuma takamaimai: in an sayar da wake ko riɗi da kaka, a ware kwano biyu na yaro, ranar kasuwa kuma a riƙo kifin da za a daka.

Komawa

Auna damtsen kowane yaro ranar farko da ranar ƙarshe, in akwai sikeli a asibiti a ɗora shi. Tef ba ya saurin motsi cikin kwana 12, abin da za ki fara gani shi ne yaro ya soma cinye kwanonsa yana rarrafe yana ƙiriniya. Bayan mako biyu ki bi su gida ba tare da sanarwa ba, sannan bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku, kina maimaita tambayar jiya a sabon shafi kusa da tsohon. Wanda ya sauka daga rawaya zuwa ja, ko bai motsa ba bayan wata guda, a kai shi asibiti a duba ko akwai wata cuta a ƙasa. In kin shiga gida, kafin ki buɗe littafi, ki ce a nuna miki bokitin garin, ki buɗe murfin ki ga ko ya ragu.